Sha Biyu da Nema

Takardar zaɓen da aka miƙa wa mai jefa ƙuri'a a Filifin ranar Litinin 13 ga Mayun 2019 doguwa ce. A layin sanatoci kaɗai akwai sunaye sama da 60, an jera su bisa abacada, kowanne da lambarsa da ɗan da'irar da za a cike da alƙalami a gefensa. Doka ta ba mutum damar ya cike har guda 12. In ya zarce haka, injin ƙirga ƙuri'a ya yi watsi da layin baki ɗaya. To wa zai riƙe sunaye 12 a ka, ga na ɗan majalisar wakilai, ga gwamna, ga magajin gari, ga kansiloli? Shi ya sa mutane ke shiga rumfa da 'yar takarda a aljihu wadda suke kira kodigo, wato sunan da ɗaliban can ke kiran takardar satar amsa. Wani a gida ya rubuta tasa da hannunsa. Wani kuwa a ƙofar makarantar da ake zaɓen aka danƙa masa ita bugaggiya, ɗauke da sunayen da magajin garinsu yake so.

Da aka gama ƙirga, hukumar zaɓe, Comelec, ta bayyana waɗanda suka ci ranar 22 ga Mayu. Cynthia Villar ce ta farko da ƙuri'a sama da miliyan 25, Grace Poe na biye da miliyan 22. Daga nan sai Bong Go, Pia Cayetano, Ronald dela Rosa, Sonny Angara, Lito Lapid, Imee Marcos, Francis Tolentino, Koko Pimentel, Bong Revilla, sai Nancy Binay da ta rufe ƙofa. Tara daga cikinsu sun fito ne daga jerin Hugpong ng Pagbabago, ƙawancen da Sara, 'yar Shugaba Rodrigo Duterte, ta jagoranta tana magajiyar garin Davao. Sauran ukun, Poe da Lapid da Binay, ba 'yan jerin ba ne, amma kuma ba wanda zai kira su 'yan adawa. 'Yan adawa na gaske, mutum takwas da suka tsaya da sunan Otso Diretso, ko kujera ɗaya ba su samu ba. Ma'anar sunan nasu ita ce "takwas kai tsaye", abin da ɗan siyasar Arewa zai ce a yi sak. Duterte ya riƙa yi musu shaguɓe a wajen taro cewa kai tsaye ɗin wuta za su.

Kafofin labarai na waje sun karanta sakamakon a matsayin ƙuri'ar amincewa da Duterte da yaƙinsa na miyagun ƙwayoyi, suka ƙara da cewa shingen ƙarshe da ya rage a gabansa, wato majalisar dattawa, ya faɗi. Rabin farko na wannan magana akwai gaskiya a cikinsa. Rabi na biyun kuwa shekarun da suka biyo baya sun ƙaryata shi, kuma dalilin yana cikin yadda ake zaɓen sanata a ƙasar.

A Najeriya kowace jiha na da sanata uku, Abuja ɗaya, jimla 109, kuma kowane sanata ya san mazaɓarsa, ya san ƙananan hukumomin da zai bi da tabarma. A Filifin sanatoci 24 ne kacal, kuma ba wanda ke da mazaɓa. Ƙasar gaba ɗaya ce mazaɓar, tsibirai sama da 7,000, daga Luzon a arewa har Mindanao a kudu. Wa'adinsu shekara shida ne, ana sabunta rabinsu duk shekara uku. Tunda shugaban ƙasa zango ɗaya yake yi na shekara shida ba tazarce, kamar yadda tsarin mulkin 1987 ya tanada, zaɓen sanatoci ɗaya yana zuwa tare da na shugaban ƙasa, ɗayan kuma yana faɗowa daidai tsakiyar mulkinsa. Na 2019 irin na biyun ne, zaɓen rabin wa'adi.

Wannan tsari yana haifar da abu biyu. Na farko lissafi ne. Kimanin mutum miliyan 47 ne suka fito zaɓe a 2019. Binay ta shiga da ƙuri'a miliyan 14 da rabi. Bam Aquino, wanda ya fi kowa ƙuri'a a Otso Diretso, ya samu sama da miliyan 14 shi ma, ya zo na 14, tazarar da ke tsakaninsa da Binay kimanin dubu 360. Wato kusan mutum uku cikin kowane goma da suka shiga rumfa sun cike da'irarsa, amma ya tashi a tutar babu. Inda ake raba kujeru gwargwadon ƙuri'a, ɓangaren da ke da irin wannan goyon baya zai tashi da kujeru uku ko huɗu cikin 12. A nan kuwa, matuƙar masu rinjaye sun yi sak a kan jeri ɗaya, suna iya kwashe komai. Saboda haka sha biyu da nema ba ya nufin babu masu adawa da Duterte a ƙasar. Abin da yake nufi shi ne yawansu bai kai su tura mutum ɗaya ya haye layin ba.

Na biyun ya fi zurfi. Mutumin da zai nemi ƙuri'a a ƙasar da ke da masu rajista sama da miliyan 60, cikin kwana 90 na yaƙin neman zaɓe, ba shi da lokacin gabatar da kansa. Dole a riga an san shi. Jam'iyya ba za ta ɗauke shi ba, domin a Filifin jam'iyya riga ce da ake sauyawa da sauyin shugaba. Bayan zaɓen 2016 jam'iyyar Liberal ta Shugaba Benigno Aquino na da 'yan majalisar wakilai sama da 100, amma kafin a je ko'ina mafi yawansu sun sauya sheƙa zuwa PDP-Laban ta Duterte. Suna da suna ga irin waɗannan mutane, balimbing, sunan wani ɗan itace mai fuskoki da yawa. Tunda jam'iyya ba ta riƙe kowa, abin da ya rage wa ɗan takara shi ne sunansa. Hanyoyin samun suna a ƙasar kuwa sanannu ne: ko ka gada, ko ka fito a talabijin, ko kuɗi ya saya maka.

A sake duba jerin. Cynthia Villar matar Manny Villar ce, tsohon shugaban majalisar dattawa, attajirin gine-gine da mujallar Forbes ta sa a kan gaba a masu kuɗin ƙasar a shekarar. Pia Cayetano 'yar tsohon sanata ce, ƙanenta Alan Peter kuma ya zama kakakin majalisar wakilai wata biyu bayan zaɓen. Angara ɗan sanata, Pimentel ɗan sanata, Binay 'yar tsohon mataimakin shugaban ƙasa. Imee 'yar Ferdinand Marcos ce, wanda boren jama'a ya kora daga mulki a 1986. Grace Poe ta tashi a gidan Fernando Poe Jr., gwarzon finafinan ƙasar da ya nemi shugabanci a 2004. Lapid tauraron finafinan faɗa ne. Tsarin mulkin 1987 ya ce a hana gadon sarautar siyasa "kamar yadda doka za ta fayyace", to amma waɗanda za su rubuta dokar su ne 'yan gadon, shi ya sa zaɓen 2019 ya zo ya same ta ba a rubuta ba, shekara 32 bayan an yi alkawarinta.

Labarin Bong Revilla ya isa misali shi kaɗai. Tauraron fim ne, ɗan tauraron fim, su biyun kuma sun yi sanata. A 2014 aka tsare shi bisa zargin wawure kuɗin ayyukan mazaɓu a badaƙalar da ta shahara da sunan Janet Napoles. Ya shafe sama da shekara huɗu a tsare, sai a Disambar 2018 kotun Sandiganbayan mai shari'ar cin hanci ta wanke shi daga laifin wawura, ta kuma ɗaure Napoles da wani ma'aikacin ofishinsa. Wata biyar bayan haka ya koma majalisa. Tallan da ya fi fice a yaƙin neman zaɓensa ba alkawari a ciki, ba bayani. Shi ne kawai yana rawar budots, wani kiɗan titi da ya samo asali daga unguwannin talakawan Davao, ana nuna lambarsa. A takardar zaɓe ma sunansa ba ya ƙarƙashin harafin R inda ido zai gaji kafin ya isa, yana can sama cikin masu harafin B, domin "Bong Revilla" ne gaba ɗaya aka rubuta a matsayin sunan gidansu. Masu ilimi a Manila sun yi ta dariya da takaici. Shi kuwa ya san abin da yake yi: mai kodigo suna da lamba yake buƙata, ya ba shi su ta hanyar da ba za ta fita a ka ba.

Duk wannan tsohon yayi ne. Har cin kujera tara da gwamnati ta yi ba sabon abu ba ne. Fidel Ramos ya ci tara a 1995, Benigno Aquino ya ci tara a 2013, shekarar da Grace Poe ta zo ta farko a jerinsa. Wadda ta sha kaye a irin wannan zaɓe ita ce Gloria Arroyo a 2007, lokacin da jama'a suka gaji da ita har Antonio Trillanes, sojan ruwan da ya yi mata bore, ya ci sanata yana tsare. A wancan zaɓen ne lardin Maguindanao ya kawo sakamakon sha biyu da nema ga jerin gwamnati, abin da ya jawo shari'ar da ta ɗauki shekara huɗu, har Migz Zubiri ya sauka a 2011 aka rantsar da Koko Pimentel a kujerar. Ke nan zaɓen rabin wa'adi a Filifin ma'aunin farin jinin shugaba ne tun da daɗewa.

Sabon abin da 2019 ta zo da shi mutum biyu ne, na uku da na biyar a jerin.

Christopher Go, wanda kowa ke kira Bong, bai taɓa tsayawa takarar ko kansila ba. Tun 1998 yake hidimar Duterte, shi ne mai riƙe waya, mai tsara wa zai gani da wa ba zai gani ba. Abin da jama'a suka fara saninsa da shi shi ne kansa da ke leƙowa a gefen hoto duk inda shugaban ya tsaya da wani babban baƙo. Daga 2018 aka fara buɗe wasu ofisoshi a asibitocin gwamnati da ake kira Malasakit, inda talaka zai je wuri ɗaya ya nemi tallafin kuɗin magani daga hukumomi daban-daban maimakon ya yi ta zarya. Kuɗin na gwamnati ne, hukumomin sun daɗe suna bayarwa, amma fuskar da ke jikin bango ta Go ce. Allunansa sun cika tituna tun kafin a buɗe yaƙin neman zaɓe a Fabrairu, kuma ba laifi a doka, domin tun 2009 Kotun Ƙoli ta yanke cewa mutum bai zama ɗan takara ba sai ranar da aka buɗe fage. Da ya je miƙa takardunsa a Oktoban 2018, shugaban ƙasa da kansa ya raka shi. Ya tashi da ƙuri'a sama da miliyan 20.

Dela Rosa, wanda ake wa laƙabi da Bato, wato dutse, tsohon shugaban 'yan sandan Davao ne da Duterte ya ɗauko ya ba shi rundunar ƙasa baki ɗaya a 2016. Shi ya jagoranci samamen da ake kira Tokhang, kalmar da aka haɗa daga "ƙwanƙwasa" da "roƙo" a harshen Cebuano: a buga ƙofar wanda ake zargi, a roƙe shi ya daina. A aikace, alƙaluman gwamnati da kanta sun nuna an kashe sama da mutum 5,000 a samamen 'yan sanda kafin zaɓen, ƙungiyoyin kare haƙƙi kuma suna lissafa ninkin haka sau da yawa. A Agustan 2017 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi ɗan shekara 17, Kian delos Santos, a Caloocan, kyamarar unguwa ta nuna suna jan sa zuwa lungu, kuma a Nuwamban 2018 kotu ta samu uku daga cikinsu da laifin kisa. Ficewar ƙasar daga kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta fara aiki a Maris 2019, wata biyu kafin zaɓe. Duk wannan a idon jama'a aka yi. Suka ba Bato ƙuri'a miliyan 19. An ma yi fim a kan rayuwarsa ya fito a Janairun shekarar, Robin Padilla ya hau matsayinsa, shi kuma Padilla ya zo na farko a zaɓen sanatoci na 2022.

Waɗannan biyun ba su gaji suna ba, ba taurari ba ne, ba attajirai irin su Villar ba. Sunan wani suka ara. Haka ma Tolentino, wanda a 2016 ya zo na 13 a bayan Leila de Lima, amma da Duterte ya ɗaga hannunsa ya haye zuwa na tara. A ganina nan ne ainihin ƙarfin Duterte ya bayyana. Shugabannin baya suna tara masu suna ne su jera a bayansu, kowa da jarinsa. Shi kuwa ya ɗauki yaransa na gida ya mayar da su masu suna, har suka wuce 'ya'yan manyan gidaje.

Me ya ba shi wannan ƙarfi? Binciken ra'ayi na cibiyar SWS a watannin farko na 2019 ya nuna kusan mutum takwas cikin goma sun gamsu da shi. Wani ɓangare na dalilin tsaro ne: mazauna unguwannin da ƙwayar shabu ta addaba da yawa suna cewa titi ya yi lafiya, ko da suna tsoron abin da 'yan sanda ke yi. Wani ɓangaren yanki ne, domin shi ne shugaba na farko daga Mindanao, yana magana da harshen mutanen kudu da tsakiya waɗanda suka daɗe suna ƙorafin Manila ta raina su. Akwai kuma shinkafa, wadda masu sharhi daga waje kan manta da ita. A Satumba da Oktoban 2018 hauhawar farashi ta kai kashi 6.7 cikin ɗari, shinkafar gwamnati mai rahusa ta yi ƙaranci, mutane na layi, farin jinin shugaban ya ɗan girgiza. A Fabrairun 2019 ya sa hannu a dokar da ta buɗe ƙofar shigo da shinkafa daga waje a kan haraji, Cynthia Villar ce ta ja ragamarta a majalisa. Kafin ranar zaɓe hauhawar ta sauko kusan kashi 3. Manoma sun koka daga baya da faɗuwar farashin shanshera, amma wannan kukan bayan an rufe rumfa ya yi ƙarfi. Da a Oktoba aka yi zaɓen, da wuya a ce Bam Aquino ya rasa waɗancan dubu 360.

Su ma 'yan adawa sun taimaka wajen kayar da kansu. Suna sukar gadon siyasa, amma Bam ɗan gidan Aquino ne, Mar Roxas jikan tsohon shugaban ƙasa, Chel Diokno ɗan sanata, Erin Tañada jikan sanata. Magoya bayan Duterte sun liƙa musu suna ɗaya, dilawan, masu ruwan ɗorawa, launin gidan Aquino, kuma a Facebook, inda mafi yawan 'yan ƙasar ke samun labari, kalmar ta zama zagi mai ɗauke da duk wani haushi na mulkin da ya gabata: cunkoson Manila, jirgin ƙasa mai lalacewa, 'yan sanda 44 da aka kashe a Mamasapano a 2015, rikicin rigakafin Dengvaxia. Alƙaluman Roxas sun fi komai bayyana wannan. A 2004 shi ne na farko a zaɓen sanatoci da ƙuri'a sama da miliyan 19. A 2016 ya nemi shugabanci ya samu ƙasa kaɗan da miliyan 10. A 2019, inda kowane mai zaɓe ke da gurbi 12 a hannunsa, ya sake samun ƙasa kaɗan da miliyan 10, ya zo na 16. Wato bayan waɗanda suka so shi tun farko, kusan ba wanda ya yarda ya ba shi ko gurbi na goma sha biyu. Ga rashin kuɗin talla, ga magadan gari da gwamnoni da ke gudun a gan su da su, domin kasafin ayyukansu daga Malacañang, fadar shugaban ƙasa, yake fitowa. Wanda ba ya cikin takardar da ake rabawa a ƙofar makaranta ya riga ya rasa miliyoyi.

A cikin takwas ɗin akwai Samira Gutoc, Musulma 'yar ƙabilar Maranao daga Marawi, birnin da yaƙin wata biyar tsakanin soja da mayaƙa masu mubaya'a ga IS ya rusa a 2017. Duterte ne ya naɗa ta a kwamitin da ke tsara yankin Bangsamoro mai cin gashin kansa, ta ajiye muƙamin bayan ya yi wa sojoji barkwanci a kan fyaɗe ana tsakiyar yaƙin. A muhawarorin talabijin ta fi da yawa daga cikin mazan kaifin baki. Ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4, nesa da layi. Matsalarta ta wuce ta jam'iyya. Inda ƙasa duka ce mazaɓa, tsirarun da ke taru a yanki ɗaya ba su da hanyar tura nasu. Tun da Santanina Rasul ta bar majalisa a 1995 ba a sake samun sanata daga al'ummar Moro, wato Musulmin kudancin ƙasar, ba. Musulmin da ya shiga bayanta shi ne Padilla ɗin nan, wanda ya musulunta yana babba, kuma fim ne ya kai shi.

An yi ƙorafin maguɗi, musamman da na'urar da ke aika wa 'yan jarida sakamako ta tsaya cak na kimanin awa bakwai a daren zaɓe, ga injinan ƙirga da dama da suka lalace. Sai dai sakamakon ya yi daidai da abin da binciken ra'ayi ya daɗe yana nunawa. Sayen ƙuri'a kuwa ba wanda ya musa. Duterte da kansa ya gaya wa 'yan jarida a ranar cewa abin ya zama jinin zaɓe a ƙasar. A ƙananan zaɓuɓɓuka ma an ga akasin abin da ya faru a sama: Isko Moreno ya kayar da tsohon shugaban ƙasa Joseph Estrada a kujerar magajin garin Manila, 'ya'yan Estrada biyu, JV da Jinggoy, suka raba ƙuri'ar gidansu a takarar sanata duka suka faɗi, Vico Sotto kuma ya kawo ƙarshen mulkin gida ɗaya na shekara 27 a Pasig.

To me Duterte ya yi da rinjayen? 'Yan adawa a majalisa sun koma huɗu: Franklin Drilon, Kiko Pangilinan, Risa Hontiveros, da De Lima, wadda a lokacin take tsare tun Fabrairun 2017 ba ta ma iya zuwa zama. A kan takarda ba abin da zai gagare shi. Manyan buƙatunsa kuwa sanannu ne: a maido da hukuncin kisa da aka soke a 2006, a rage shekarun da za a iya hukunta yaro, a sauya tsarin mulki zuwa na tarayya. Ya sauka a 2022 ba ko ɗaya da ya zama doka. Ya samu dokar yaƙi da ta'addanci ta 2020, wadda sanata biyu kacal suka ƙi, ya samu dokar Malasakit, ya samu kasafinsa. Amma da ya yi yunƙurin soke yarjejeniyar zuwan sojojin Amurka a 2020, bayan Amurka ta soke bizar Bato, shugaban majalisar Tito Sotto ne ya ja abokansa zuwa Kotun Ƙoli suna cewa sai da yardarsu. A 2021 kwamitin Richard Gordon ya tono badaƙalar sayen kayan korona daga kamfanin Pharmally, har shugaban ya hana ministocinsa halartar zaman. Batun sauya tsarin mulki kuwa ya mutu ne a kan tambaya ɗaya: majalisun biyu tare za su kaɗa ƙuri'a ko kowacce daban? Sanata 24 ba za su yarda su narke cikin wakilai kusan 300 ba.

Dalilin shi ne wancan tsarin da ya ba shi nasarar. Wanda ya shiga majalisa da ƙuri'a miliyan 15 ko 20 na ƙashin kansa, kusan adadin da Duterte ya ci shugabanci da shi a 2016, ba ya jin wani ne ya yi shi. Kowannensu yana hango kansa a Malacañang. Hoton ranar da aka bayyana sakamako ya nuna haka tun da wuri: yawancinsu sun dunƙule hannu sun miƙa gaba irin gaisuwar Duterte, Poe da Binay suka ƙi. Mafi yawan masu dunƙulen ma aron juna suka yi da shugaban, shi yana buƙatar yawansu, su suna buƙatar inuwarsa har zuwa ranar da za ta gushe.

Ta kuwa gushe. Pimentel, ɗan wanda ya kafa PDP-Laban, ya raba gari da ɓangaren Duterte a 2021, kuma shi ne ya shugabanci zaman majalisa na Oktoban 2024 inda tsohon shugaban ya zauna ana yi masa tambayoyi a kan kashe-kashen, Go da Bato na zaune a zauren. Da ƙawancen Ferdinand Marcos ƙarami da Sara Duterte, wanda ya ci zaɓen 2022, shi shugaba ita mataimakiya, ya wargaje, Sara ta ajiye muƙamin ministar ilimi a 2024, wanda aka ba kujerar shi ne Angara, ɗan jerinta na 2019. Tolentino ya koma wajen Marcos. A Fabrairun 2025 majalisar wakilai ta amince da tuhumar Sara domin a tsige ta daga mataimakiyar shugaba, ya rage majalisar dattawa ta yi shari'a, inda ake buƙatar 16 cikin 24 kafin a cire ta. Ranar 11 ga Maris aka kama Duterte a filin jirgin Manila aka wuce da shi Hague, mazaunin kotun hukunta manyan laifuka ta duniya. Imee Marcos ta fice daga jerin ƙanenta Shugaba Marcos, ta buɗe bincike a kan kamun, Sara ta ɗaga hannunta.

Ranar 12 ga Mayun 2025 kujerun nan 12 suka sake zuwa gaban jama'a. Biyar suka tafi ɓangaren Marcos, biyar ɓangaren Duterte, biyu daga cikinsu ma a jerin Marcos suka fara kafin su karkata. Tolentino ya faɗi. Revilla ya faɗi. Imee ta shiga da kyar a ta 12. Pangilinan ya dawo a na biyar. Bam Aquino, wanda binciken ra'ayi ke ajiyewa a bakin layi, ya tsaya ba da tutar Liberal ba, ya dage a kan dokar karatun jami'a kyauta da ya ja ragamarta a 2017, ya zo na biyu da ƙuri'a kusan miliyan 21. Bato ya zo na uku. Bong Go, wanda ubangidansa ke tsare a wata nahiya kuma ba shi da sauran ikon raba ko sisi, ya zo na farko da sama da miliyan 27. A rana ɗaya mutanen Davao suka zaɓi Duterte magajin gari yana ɗakin tsare a Hague.